Yadda za ka bi diddigin taurarin eksire masu dishi-dishi daga nan Katsina

Idan kana ajin ƙarshe a sashen fiziks, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma, kuma ranka yana kan ilimin taurari, kada wani ya karya maka gwiwa da cewa ba mu da madubin hangen nesa. Akwai reshe guda na wannan ilimi da madubin da ke ƙasa ba ya yi wa kowa aiki, wato binciken hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wannan haske tun daga can sama. Saboda haka da mutumin Amurka da mutumin Ƙofar Ƙaura, kowa sai ya jira abin da tauraron ɗan'adam ya aiko, abin da ya aiko kuwa ga shi nan jibge a taskokin intanet kyauta. Kayan aikinka su ne kwamfuta, data, kalkuleta, da littafin rubutu.

Fagen ba tsoho ba ne. A 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka suka gano Sco X-1, tauraron eksire na farko da aka sani bayan rana, kuma tauraron ɗan'adam na farko da aka ƙera musamman don wannan aiki, Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1970.

Fara da sanin abin da kake nema

Taurari biyu ne ke zagaya juna. Ɗaya ƙaramin tauraro ne na yau da kullum. Ɗayan kuwa ragowar babban tauraro ne da ya mutu: ko dai tauraron nutron, wanda ya fi rana nauyi da kusan sau 1.4 amma faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, ko kuma baƙin rami, wanda ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa. Ƙarfin jan mataccen yana yago iska daga jikin abokin zamansa. Iskar ba ta faɗawa kai tsaye, domin tana ɗauke da juyin zagayen, sai ta yi faifai tana kewayawa tana gugar juna tana matsowa ciki. Kafin ta isa tsakiya zafinta ya kai miliyoyin digiri, daga nan eksire ke fitowa. Duk giram ɗaya da ya faɗa kan tauraron nutron yana sakin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na mc², wato ɗaukacin makamashin da ke ƙunshe a nauyinsa. Ƙonewar haidurojin da ke kunna rana kashi 0.7 kawai take bayarwa. Ka riƙe wannan bambanci, shi ne dalilin da ɗan abu kaɗan ke haskawa har a gan shi daga tsakiyar gungun taurarinmu.

Yawancinsu ba kullum suke haske ba. Ka san soron ƙasa da damina idan indararo ya toshe: ruwa ya yi ta taruwa a kan rufi babu ko ɗigo a ƙasa, ranar da toshiyar ta buɗe sai ya zubo gaba ɗaya. Haka faifan yake. Muddin yana da sanyi iska taruwa kawai take yi a gefensa, shekara da shekaru. Da zarar zafin wani sashe ya kai dubban digirin da haidurojin ke rabuwa da elektaron ɗinsa, sai gugar ta ƙaru, zafin ya bazu cikin faifan, iskar ta kwarara ciki. Sai mu ce tauraron ya farka. Bayan makonni ko watanni faifan ya ragu, ya huce, tauraron ya koma barci.

Masu ƙarfin cikinsu, irin V404 Cygni da ya farka a 1989 da 2015, suna kai 10³⁷ zuwa 10³⁹ erg a sakan (erg ma'aunin makamashi ne), kowa ya gan su. Waɗanda nake so ka bi su ne na ƙasan layi. A 2006 Rudy Wijnands da abokan aikinsa suka ware aji na musamman ga waɗanda ƙololuwar haskensu, tsakanin keV 2 da 10 (keV ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ne), ba ta wuce 10³⁴ zuwa 10³⁶ erg a sakan. Na'urorin da ke sharar sama gaba ɗaya, kamar MAXI da ke manne da tashar sararin samaniya tun 2009, galibi ba sa ganinsu idan suna nesa. Sai da aka harba taurarin ɗan'adam masu madubin eksire, Chandra da XMM-Newton a 1999, da Swift a Nuwamba 2004, aka fara tara su da yawa. Ni a ganina nan ne ɗalibi zai yi aikin da ke da amfani. Manyan sun sha bincike, waɗannan kuwa har yau ana muhawara kan abin da ya sa ba sa haske sosai.

Zaɓi wanda aka riga aka sani

Kada ka fara da neman sabo. Tun 2006 Swift ya riƙa leƙa tsakiyar gungun taurarinmu kusan kullum, leƙe gajere, kuma Nathalie Degenaar ta yi rubuce-rubuce masu yawa kan abin da aka gani. A wannan fili akwai sunaye uku da za ka yi ta haɗuwa da su: GRS 1741-2853, XMM J174457-2850.3, da AX J1745.6-2901. Na ƙarshen yana da ban sha'awa, don abokin zamansa yana gittawa ya rufe shi duk bayan awa 8.4, amma yana kusa ainun da Sgr A*, babban baƙin ramin tsakiya, inda haske ya cakuɗe. Fara da GRS 1741-2853. Yana ɗan nesa da cunkoson, ya farka sau da dama, kuma an tabbatar tauraron nutron ne, don haka kana da abin da za ka gwada sakamakonka da shi.

Buɗe SIMBAD, taskar sunayen taurari ta Strasbourg a Faransa, ka rubuta sunan, ka kwafe lambobin matsayinsa a littafinka. Sannan ka nemi sunan a Astronomer's Telegram, inda masana ke sanar da juna cikin gajerun saƙonni duk lokacin da wani ya farka. Rubuta shekarun da aka ba da labarin farkawarsa.

Idan ka sami dare mai haske a watan Yuli bayan an ɗauke ruwa, ka fita bayan gari ka fuskanci kudu. Kusa da wutsiyar Kunama, inda farin zanen taurarin nan ya fi kauri, nan ne wurin. Daga Katsina yana hawa kusan digiri 48 sama da ƙasa. Ba za ka ga abin da kake bincike da ido ba, amma yana da kyau mutum ya san inda aikinsa yake a sama.

Ciro jadawalin haske

Cibiyar bayanan Swift da ke Jami'ar Leicester a Ingila tana da shafin da ke yi maka aikin tace bayanan XRT, madubin eksire na Swift mai auna keV 0.3 zuwa 10. Ba sai ka girka wata manhaja ba. Ka saka suna ko lambobin matsayi, ka zaɓi jadawalin haske, ka ce a ba ka ɗigo ɗaya ga kowace ziyara. A can injinsu zai yi aikin, kai datarka kaɗan za ta tafi. Filin tsakiya yana da ziyarori masu ɗimbin yawa, don haka ka taƙaita buƙatarka ga shekara ɗaya ko biyu, in ba haka ba za ka daɗe kana jira. Da ya fito, sauke fayil ɗin alƙaluman nan take ka adana a filashi. Da wutarmu, kada ka dogara da cewa shafin zai jira ka.

Ga abin da za ka gani. A kwance lokaci ne, a tsaye adadin ƙwayoyin hasken da suka faɗa kan na'urar a kowane sakan. Yawancin jadawalin kibiyoyi ne masu kallon ƙasa. Kibiya tana nufin an duba ba a ga komai ba, kuma hasken bai wuce wannan matsayi ba. Kada ka goge su, kada kuma ka ɗauke su sifili, domin su ne shaidarka ta tsawon barcin. Sai kwatsam ɗigogi su tashi cikin 'yan kwanaki, su ɗan tsaya, su gangaro a hankali. Za ka kuma ga giɓi duk shekara daga wajen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Wannan ba barci ba ne. Lokacin hunturu rana tana zaune a wannan sashe na sama, kuma ba a juya madubin kusa da rana. Duk farkawar da ta faru a cikin giɓin ta wuce mu, kuma dole ka faɗi haka a rahotonka.

Wata ɗaliba 'yar Daura ta taɓa shigowa ofis da kwamfutarta a buɗe, ta nuna mini ɗigo guda da ya yi tsalle sama shi kaɗai a tsakiyar kibiyoyi.

"Malam, ai ga farkawa nan da ba a rubuta ba."

Na ce, "Madalla, 'yata. Buɗe alƙaluman mu ga sakan nawa aka yi ana kallo, da tsawon sandar kuskurensa."

Ziyarar gajeriya ce ƙwarai, ƙwayoyin hasken ba su cika yatsun hannu ba, sandar kuskuren kuma ta sauko har kusan ƙasa. Washegarin ranar kibiya ce. Ɗigo ɗaya ba ya zama farkawa sai maƙwabtansa sun goyi bayansa, ko kuma ka buɗe hoton filin ka ga tabon haske zaune daidai inda tauraron yake. Ta koma ta bi sauran shekarun da wannan ma'auni, kuma teburin da ta fitar ya fi na kowa tsabta a ajinsu.

Daga ƙwayoyin haske zuwa hasken asali

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi zamewa. Abin da ya bayyana dishi-dishi a allonka yana iya zama mai rauni da gaske, yana iya zama mai ƙarfi amma yana nesa, yana kuma iya zama ƙura ce ta tare shi. Aikinka shi ne raba waɗannan uku.

Ɗauki adadin ƙwayoyi a ƙololuwar farkawar ka kai shi WebPIMMS, wani shafin lissafi na HEASARC, taskar NASA. Zai tambaye ka abu biyu. Na farko N_H, yawan iska da ƙurar da ke tsakaninmu da tauraron. Wajen tsakiyar gungun taurari wannan adadi yana kai wajen 10²³ a kowane murabba'in santimita, kuma irin wannan kauri yana cinye kusan duk hasken da ke ƙasa da keV 2. Shi ya sa ake auna ajin tsakanin keV 2 da 10. Na biyu lambar Γ, wadda ke nuna yadda hasken ya rabu tsakanin ƙwayoyi masu ƙarfi da masu rauni. Idan ta yi girma, masu rauni sun fi yawa, sai a ce hasken yana da laushi. Shafin Leicester zai iya fitar maka da duka biyun daga bayanan farkawar da kanta, kuma hakan ya fi aro daga takardar wani. Abin da za ka karɓa shi ne hasken da zai iso da babu ƙura a hanya, F. Shafin yana ba da amsa biyu, wadda aka gyara da wadda ba a gyara ba. Ka kula da wadda ka kwafa.

Daga nan sai L = 4πd²F. Yi shi da hannu, ko da sau ɗaya ne. Garin da ya fitar da Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata ɗansa ya ji tsoron alƙaluma ba. Tsakiyar gungun taurarinmu tana nisan kilofasek 8, wato kusan shekarun haske 26,000. Kilofasek ɗaya santimita 3.086×10²¹ ne, don haka d ya zama 2.47×10²², 4πd² kuma 7.7×10⁴⁵. A ce F ɗinka ya fito 1×10⁻¹¹ erg a murabba'in santimita a sakan. To L ya zama 7.7×10³⁴ erg a sakan. Ya faɗa cikin ajin, kuma duk da haka ya ninka ɗaukacin hasken rana kusan sau 20.

Yanzu dubi d ɗin nan da kyau. Murabba'insa ake ɗauka, don haka kuskure kaɗan a nisa yana kumbura. Kasancewar abu yana saitin tsakiya ba ya nufin yana tsakiya. Swift J1357.2-0933, baƙin ramin da aka gano a Janairu 2011, misali ne mai kyau na wuyar sanin nisa: ƙiyasin nisansa a rubuce-rubuce ya kama daga kilofasek 1.5 har zuwa sama da 6. Tsakanin waɗannan biyu hasken asali ya bambanta da fiye da sau 16. Saboda haka duk inda ka rubuta L, ka rubuta nisan da ka ɗauka a gefensa da inda ka samo shi. Rahoton da ya ba ni L tsirara mayar wa mai shi nake yi.

Mataki na gaba shi ne sanin yawan abin da ake haɗiya. Ga tauraron nutron mai nauyin rana 1.4 da rabin faɗi kilomita 10, GM/R, wato makamashin da giram ɗaya ke saki idan ya faɗa kansa, ya kama 1.86×10²⁰ erg a giram. Raba L da wannan, za ka sami giram 4.1×10¹⁴ a sakan, wato tan miliyan 410 duk sakan. Adadin yana da ban tsoro, amma a shekara bai wuce 6.5×10⁻¹² na nauyin rana ba. Kuma ba kullum yake ci ba. Idan wata ɗaya yake farke a cikin shekara uku, sai ka raba da 36, ka sauko wajen 2×10⁻¹³. Nan ne kibiyoyin nan da na hana ka gogewa suke biyanka, domin da su ka san tsawon barcin. A 2006 Andrew King da Wijnands suka nuna cewa matsakaicin ci mai ƙanƙanta kamar 10⁻¹³ yana da wuyar bayani da labarin rayuwar tagwayen taurari da aka saba da shi.

Tauraron nutron ne ko baƙin rami?

Tauraron nutron yana da doron da abu ke sauka a kai, baƙin rami ba shi da shi. Duk hujjojin daga nan suke fitowa.

Mafi ƙarfi ita ce fashewar nukiliya. Haidurojin da hiliyam suna taruwa a doron tauraron har matsi da zafi su kunna su gaba ɗaya. Hasken yakan yi tsalle cikin 'yan sakanni, ya gangaro cikin sakanni goma ko mintuna, yana hucewa yana ƙara laushi. Don ka gan ta, koma Leicester ka nemi jadawalin ziyara guda a yanka shi sakan goma-goma. Wanda ke ci a hankali yakan daɗe yana tara hiliyam mai kauri, don haka fashewarsa ba ta yawaita amma idan ta zo tana daɗewa. Haka XMM J174457-2850.3 ya tona kansa a 2012, da doguwar fashewa guda, bayan shekaru ba a san ko mene ne shi ba. Fashewa mafi ƙarfi tana da wani amfanin kuma: tana kaiwa iyakar Eddington, inda turin haske ke daidaita da ƙarfin ja, kuma da yake an san wannan iyaka, ana iya juya lissafin a fitar da nisa.

Hujja ta biyu bugu ne, wato haske ya riƙa ƙaruwa yana raguwa daidai da juyawar tauraron. SAX J1808.4-3658 yana juyawa sau 401 a sakan, kamar yadda Wijnands da Michiel van der Klis suka gano a 1998 da tauraron ɗan'adam RXTE. Amma XRT a yanayin PC, wato yanayin ƙirga ƙwayoyin haske, hoto ɗaya yake ɗauka duk sakan 2.5, don haka kada ka ɓata lokacinka kana neman irin wannan bugu a cikinsa.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan: rashin ganin fashewa ba ya mai da abu baƙin rami. Swift mintuna kaɗan yake kallo a yini, sauran awannin babu mai gani. Ana tabbatar da baƙin rami ne ta auna gudun abokin zamansa da madubin ƙasa lokacin barci, a ga nauyin abin da yake zagayawa ya haura na rana sau uku. A tsakiyar gungun taurari ƙura ta hana wannan, shi ya sa da yawa suke zaune ba a yanke musu hukunci ba. Akwai alamu masu taimakawa. Ƙasa da 10³⁵, Γ ta taurarin nutron takan ci gaba da hawa har wajen 3, ta baƙaƙen ramuka kuwa takan tsaya wajen 2. A hasken rediyo ma baƙaƙen ramuka sukan fi ƙarfi, kuma MeerKAT, na'urar hangen rediyo a Afirka ta Kudu, yana wannan aiki. Alama ce, ka rubuta ta a matsayin alama.

Kafin ma ka kai nan, kori 'yan sojan gona. Farin wadan tauraro (ragowar tauraro irin rana bayan ya mutu) mai haɗiyar iska, ko wani tauraro na kusa da mu da ya yi tartsatsi, duk suna iya ba da ɗigogi iri ɗaya. Duba matsayin a kundin Gaia, jerin matsayi da nisan taurari. Idan akwai tauraro mai haske zaune daidai wurin kuma nisansa 'yan ɗaruruwan fasek ne (fasek dubu ne kilofasek ɗaya), sake lissafin L da wannan nisa, za ka ga ya faɗo ƙasa da ajin nesa ba kusa ba.

Babin tattaunawa

Dalilan da ake gabatarwa kan raunin waɗannan taurari ba su da yawa. Wasu faifansu ne ƙarami saboda zagayen gajere ne, kamar IGR J17062-6143 da ke kammala zagaye cikin minti 38. Wasu maganaɗisun tauraron nutron ne ke tare iskar yana watsar da ita kafin ta sauka. Wasu iskar da abokin zama ke hurawa kawai suke tsinta. Wasu kuma daga gefe muke kallonsu, bakin faifan ya kare mana tsakiya. Ni na fi karkata ga cewa ajin taron abubuwa ne mabambanta da ma'auni ɗaya ya haɗa. Don haka kada ka nemi amsa ɗaya ga duka. Ɗauki naka ka tambaye shi: farkawarsa gajeriya ce mai saurin gangarowa, irin ta ƙaramin faifai? Yana da rufewa ko nutsewar haske da ke nuna kallon gefe? Yana daɗewa a tsaka-tsaki, bai farka sosai ba bai kuma yi barci ba? Faɗi wanne bayani alƙalumanka suka goya wa baya, da wanne suka kasa taɓawa.

Idan ka gama da ɗaya, na biyu ba zai ɗauke ka rabin lokacin ba. A nan ne za ka iya leƙa LSXPS, kundin Leicester na duk abin da XRT ya taɓa gani, ka nemi waɗanda ba a yi musu rubutu sosai ba. In ka ci karo da farkawar da ba ka ga labarinta ko'ina ba, kai wa malamin da ke duba aikinka abu huɗu a shafi guda: matsayin da kuskurensa, jadawalin tare da kibiyoyinsa, N_H da Γ da ka yi amfani da su, da L a nisa biyu ko uku mabambanta. Da wannan shafi ne za ku rubuta wa waɗanda suka yi aiki kan filin, kuma adireshinsu yana shafin farko na kowace takardar da suka wallafa.